Shekarar da Yaya Ya Yi Binne

A ƙasarmu, tsakanin Dungas da bakin iyaka, wanda ya ari gona ba ya dasa itace a cikinta, ba ya kuma haƙa rijiya. Kowace kaka, ko da daminar ta ba shi kunya, sai ya ɗauki dami ɗaya na hatsi ya ratsa tsakiyar gari da shi, rana na sama, ya sauke a ƙofar mai gona. Damin nan ba haya ba ne. Ba don a ci ake kai shi ba, don a gani ne. Duk wanda ya gan shi ya wuce ya zama shaida cewa gonar tana da mai ita.

Mahaifinmu mutum ne mai kunya, irin kunyar da 'ya'ya ke biya daga baya. A wata shekarar yunwa wani baƙo ya sauko daga arewa da iyalinsa, baba ya ara masa gefen fadamar gonarmu. Baƙon mutumin kirki ne, kuma ya yi ta kawo daminsa ba fashi. Da zumunci ya yi ƙarfi, ranar nan baba ya tare shi a ƙofa ya ce, "Haba, kana kunyata ni a gaban mutane. Mun zama ɗaya ai." Daga nan dami ya tsaya. Da matan baƙon suka gaji da nisan ruwa, baba da kansa ya ce a haƙa rijiya a fadamar, har ya kama igiya aka fid da ƙasa da shi. Mangwaro ya biyo rijiya. Baba da baƙon suka mutu suna abokai, kaburburansu ma ba su da nisa da juna. Ina fatan suna hira lafiya, don abin da suka bari a nan bai bar mu mun yi barci ba.

Mu biyu baba ya bari maza. A zamanin da ake kama yara a kai lakwal, wato makarantar boko, kowane gida yakan ba da ɗan da rashinsa ba zai rage noma ba, sai aka ba da ni. Yayana ya tsaya a gona. Shi ya noma hatsin da na ci har na zama mushe, wato malamin lakwal, na yi ta yawo da alli daga Waca zuwa Bande zuwa ƙauyukan da ko taksi ba ta san hanyarsu ba. Da na ajiye allin na dawo gida, Yaya ya tsufa amma bai saki hauya ba. A wuyansa akwai matarsa, da 'yarsa da miji ya mutu ya bari, da 'ya'yanta. Abin da suke ci gaba ɗaya daga tudun gonar nan yake fitowa, ɓangaren da ba a taɓa ara wa kowa ba.

Ɗan baƙon nan ya ratsa ta ajina. Ba daƙiƙi ba ne. Lissafin tarawa yana yi masa daɗi, na rabawa ne bai taɓa shiga kansa ba, kuma rayuwa ba ta tilasta masa ya koya ba. Ya fara da fasa-ƙwaurin esansi, wato man fetur, bidon-bidon a bayan babur ta hanyoyin daji. Daga esansi ya koma hatsi da taki, daga nan ya tara samari masu gora da adda waɗanda ba su da aiki sai rakiya. Bai cika sayen gona ba. Gonaki ne ke zuwa wurinsa. Ta wata gwauruwa ta zo bayan an yi ta sakin dabbobi cikin wakenta. Burtalin da makiyaya ke bi tun kakanni ya wayi gari ya zama gonarsa, aka yi faɗa, aka ɗauko gawar wani makiyayi a amalanke, ba wanda aka tambaya komai. Ɗan baƙon ya je Makka, ya zama konseye, wato kansila, ya gina bene ya zagaye shi da katangar da aka jera wa fasassun kwalabe a ka. Kowa na ce masa Alhaji, ni ma haka zan ce.

Wata bazara Alhaji ya aiko wa mai gari cewa gonar nan, fadama da tudu, ta ubansa ce. Hujjarsa rijiya, da mangwaro, da kuma cewa duk wanda gemunsa bai yi fari ba bai taɓa ganin dami ya ratsa gari ba. Tsofaffin da suka gani da idonsu 'yan kaɗan suka rage. Ɗaya rumbunsa ya kama wuta ranar kasuwa, lokacin da gari ba kowa. Ɗaya aka saya wa ɗansa sabon babur, sai mantuwa ta kama shi. Na ukun samari suka gamu da shi a hanyar dawowa daga kasuwa, har yau da sanda yake zuwa masallaci. Mai gari, wanda shi ma yana da rumbu, ya yanke cewa kada kowa ya shuka tudun sai manya sun duba. Magana ta zama dosiye, wato takardun ƙara, dosiye ta tafi birni, ni kuma na bi ta. Na sa rigata ta mutunci, na yi Faransancin da ya fi na masu ofishin tsabta, aka saurare ni da ladabi, aka ce in dawo bayan salla. Da na dawo aka ce wanda ke da makullin ya tafi ta'aziyya.

A wannan lokacin ne na fara yawan zuwa wurin wani abokina. Benci ɗaya muka zauna a makarantar horon malamai, shekara ɗaya kuma muka bar aiki. Yana cikin 'yan gidajen Kiristan da ke yankinmu, Bahaushe ne gaba da baya, hatsi yake nomawa kamar kowa. Ina ce masa Fasto alhali bai taɓa hawa mumbari ba, yana ce mini Liman alhali ko sallar gida ba a cika ba ni ba. Muna zama ƙarƙashin dogon yaron ƙofar gidansa muna shan shayi muna gyara duniya.

Ranar da na dawo daga birni karo na barkatai, na zauna na ce, "Fasto, namu malaman na je musu. Sun ce ana yi wa azzalumi talala, igiya ce mai tsawo amma tana da ƙarshe. Ku me littafinku ya ce? Ko ku an ba ku tsawon igiyar?"

Ya yi dariya ya ce, "Liman, yau kuma musulunta ni za ka yi ko kai ne za ka tuba?"

"Farashi nake tambaya a rumfa biyu, kamar kowane mai hankali."

Ya juya shayin tsakanin kofi da kofi, ya ce a littafinsu annabawa ba su gajiya da wannan magana. Mai haɗa gona da gona har maƙwabci ya rasa inda zai tsaya, mai gina gari a kan jinin mutane, mai ɗaga gidansa sama don kada hannu ya kai shi, duk an kira su ɗaya bayan ɗaya an ce musu kaito. Ya ce abin da ya fi ba shi tsoro a ciki shi ne ba a bukatar shaidun da ake saya da babur. Ginin da kansa ne zai ba da shaida, tubali ya faɗi inda aka ɗebo ƙasarsa, azara ta ce haka aka yi. Akwai ma wani sarki da ya yi kwaɗayin lambun maƙwabcinsa, mutumin ya ce gadon ubana ne ba na sayarwa ba, aka nemo masu shaidar zur aka kashe shi. Ranar da sarkin ya shiga lambun yana zagayawa, a nan saƙon Allah ya same shi.

Na ce, "Mai lambun fa?"

"Na gaya maka, an riga an kashe shi."

"To ai ka ga matsalar. Ni mai lambun ne ɗan'uwana."

Sai ya ce akwai wani annabi a cikinsu da ya yi irin bakina. Ya tsaya ya tuhumi Ubangiji, ya ce yana ta kuka ana zalunci kuma ba a amsa ba, shari'a ta shanye, mugu ya kewaye mai gaskiya. Aka ce masa hukuncin yana da lokacinsa, ya jira.

Na ce, "Ni da kai mun yi rayuwa da jadawalin aji. Idan an ce lissafi Talata ne, Talata ake yinsa. Ruwa ya kusa sauka, Fasto. Wannan lokacin kafin shuka ne ko bayan girbi?"

"Ba a rubuta ba, Liman."

"Da ɗalibi ne ya kawo mini wannan amsa, da na ce ya sake."

Yaya bai jira annabawa ba. Wata safiya ya kira ni bayan rumbu, ya nuna mini zangarkun irin da ya rataye, zaɓaɓɓu masu tsawo, irin da ya gada daga hannun baba yana sabunta shi kowace kaka. Matarsa ta sha kallonsu a watannin da tukunya ta yi sanyi, bai bari an taɓa ba. Ya ce, "Mushe, binne zan yi."

Binne shi ne a shuka a busasshiyar ƙasa kafin ruwa ya sauka, a bar iri ya kwanta yana jira. Caca ce. Idan yayyafi ya zo, iri ya tsiro ya mutu. Idan ruwan ya yi jinkiri, tururuwa da zabi su yi buki. Mai hankali ba ya yi sai da dalili.

Na ce, "Yaya, mai gari ya hana."

"Ya hana don tsoro. Ranar ruwan fari samarin can za su cika gonar, ba za mu ko taka ta ba. Amma yanzu wa ke gadin rairayi? Idan ruwa ya sauka ya tarar da irina a ciki, hatsina ne zai fito. Kai da ka yi yawon duniya, ka taɓa jin inda aka tuge hatsin da ya tsiro?"

Ban taɓa ji ba. A ƙasarmu an yi rigimar gona har da jini, amma idan tsiro ya fito kowa yakan janye hannu sai kaka. Abokin gaba ma yakan ce a bari a girbe, a dasa rigima bayan an ɗaure dami. Abinci ne, kuma mai taɓa shi ba da mutum yake faɗa ba.

Yaya ya ce, "Shekara ɗaya nake so. Mu ci, takardarka kuma ta samu ta yi tafiya."

Muka fita da hantsi, ba a ɓoye ba. Yaya na gaba da sungumi yana sara, matarsa da 'yarsa na biye suna zuba iri suna rufewa da diddige, ni ina can baya da bayan da ya saba da kujera. Ƙasa ta yi zafi har tana cizon tafin ƙafa. Samarin Alhaji suka zo a kan babura suka tsaya a bakin gona.

"Baba, a tanda kake shuka? Gasasshe kake so ya fito?"

"Mushe, yau babu lakwal ne? A ba shi sifili, layinsa ya karkace!"

Layina ya karkace, gaskiyarsu. Suka yi dariyarsu suka tafi, ba wanda ya taɓa mu.

Ruwa ya zo, kuma ba yayyafi ba. Ya sauka kamar an biya shi, ya jiƙa ƙasa har ya wuce tsawon hannu. Kafin sauran mutane su gama shuka, tudunmu ya yi kore layi-layi. Na ga Yaya yana dariya, abin da na manta yadda yake. Mutanen da suka daina gaishe mu a fili suka koma cewa, "Sannu da aiki, tsoho ya yi dabara." Aka yi noman fari. Hatsin ya tashi har zabuwa na iya ɓuya a ciki. Alhaji bai ce uffan ba, ni kuma da dukan karatuna na ɗauka kunya ce ta kama shi.

Jira yake lokacin maimaita shuka ya wuce.

Ina gida da safe na ji mata na salati a hanya. Na tare kabu-kabu, babur ɗin haya, muka nufi gona. Tun daga nesa na ji ƙarar tarakta. An ɗauko ta haya daga ƙetaren iyaka, da direban da bai san kowa ba. Ta riga ta cinye gefen gabas, hatsin na kwance saiwa a sama, ƙasa na warin ɗanyen ganye. Rabin gari na tsaye a kan iyakar gona, maza da hannu a baya. Wata tsohuwa na kuka irin na mutuwa. Yaya yana tsakiyar gonar, ya tsaya a gaban taraktar da hauyarsa a kafaɗa. Bai ɗaga ta ba, na rantse bai ɗaga ba. Direban ya tsaya. Samari suka shiga. Na ji ƙarar gora a jikin mutum, wadda ba ta kama da komai, kuma ba na so in samo mata kama. Suka ja shi ta ƙafa zuwa gefe kamar buhu, tarakta ta ci gaba.

Alhaji na zaune cikin motarsa, gilashi a sauke. Da ya gan ni ya fito, har da ɗan rusunawa.

"Mushe, ina kwana? An tashi lafiya?"

Na ce, "Hatsi ne fa. Ubanka ya ci daga ƙasar nan lokacin da ba shi da ko tabarma."

"Allah ya jiƙansa. Ai ku kuka koya mana bin doka, Mushe. Mai gari ya ce kada a shuka, aka shuka. Gyara nake yi." Ya dubi inda Yaya ke kwance ya ce, "A kai tsoho likita, ni zan biya."

Ni da na yi shekaru ina cika yara da magana, na tsaya baki buɗe kamar wanda aka tsayar a gaban tablo, allon aji, bai yi bita ba.

Kafaɗa ta karye, haƙarƙari sun tsage. Likita ya ɗaure abin da ke ɗauruwa. Da Yaya ya farfaɗo bai tambayi jikinsa ba, ya ce, "Sun bar wani gefe?" Na ce sun bari. Ƙarya ce, kuma ya sani, don bai sake tambaya ba.

Daga likita gidan abokina na wuce. Ban zauna ba, ban karɓi shayi ba.

"Fasto, tubalinka bai yi magana ba. Azara ma ta yi shiru. Mutum ɗari na tsaye, ba wanda ya yi tari. Gaya mini yadda hukuncin ke zuwa a littafinku, in san ta inda zan duba. Aradu ce? Ƙasa ce ke tsagewa?"

Ya ce, "Zauna, Liman. Ba za ka so amsar ba."

Na zauna. Ya ce wancan annabi mai ƙorafi, da aka amsa masa, an ce masa za a taso da wata al'umma da ta fi azzaluman garinsu mugunta, masu dawakai da sauri, su zo su share su.

Na ce, "Wannan hukunci ne ko canjin ɓarawo?"

"Abin da ya tambaya ke nan. Ya ce yaya Mai tsarki zai hori mugu da wanda ya fi shi mugunta."

"Aka ce?"

"Aka ce shi ma na biyun nasa na nan tafe. Duk wanda ya washe mutane za a washe shi. Abin da ya gina da jini ba ya tsayawa, ko na fari ko na biyu ko na goma. Ba a taɓa ce mana ɗaya daga cikinsu zai dawwama ba."

"Manomin da ke tsakanin na fari da na biyu fa? Dawakan nan ta gonar wa za su bi?"

Ya ce annabin da kansa ya san ta tasa gonar za su bi. A ƙarshe annabin ya ce cikinsa na rawa, amma ko rumbu ya zama wayam, ko garke ya watse, ba zai saki Ubangijinsa ba.

Na ce, "Shi annabi ne. Yayana jikoki gare shi, kuma ba sa cin haƙuri."

"Na sani."

"To me amfanin hukuncin da ke zuwa bayan an binne mai ƙara?"

"Ban sani ba, Liman. Abin da na sani shi ne an ce ana gani, kuma ana rubutawa. Idan ba a gani, to abin da aka yi yau noma ne kawai, tarakta ta juya ƙasa. Ni ba zan iya zama a duniyar da abin yau noma ne kawai ba."

Na ce masa wannan ta'aziyya ce ba shari'a ba. Ya ce wataƙila. Washegari ya aiko da hatsi daga rumbunsa, wanda shi ma ba cike yake ba.

Shekarar ba ta da daɗin ba da labari. Aka sayar da awaki, aka sayar da amalanke. Abin da nake karɓa na tsufa, da ma ba ya kai ƙarshen wata a gida ɗaya, aka raba shi gida biyu. 'Yar Yaya ta bar yaranta ta tafi Damagaram wankau. Matarsa ta koma jiƙa anza, 'ya'yan itacen nan masu ɗaci da ake ta sauya wa ruwa kafin su ciwu, abin da muke ba yara labari a matsayin tarihin da ya wuce. Ƙaramar jikar ta kumbura, aka kai ta inda ake ba yara abincin leda, ta dawo, ta sake komawa. Da damina ta zagayo Alhaji ya shuka gyaɗa a tudun, ta yi kyau ƙwarai. Ina so in rubuta cewa ta ƙi, amma ta yi kyau, ruwa bai tsallake gonar ba ko sau ɗaya. Na ci gaba da bin dosiye har masu taksi suka daina tambayata inda za ni.

Faɗuwar ta zo bayan damina biyu. Abubuwa sun sauya a sama, waɗanda ke ɗaga wa Alhaji waya suka daina ɗagawa. Ashe kuma yana da ubangida a harkar, wani babba da ba mu taɓa gani ba, suka saɓa a kan kaya. Samarin nan, da ma na mai zuba musu esansi ne, suka koma inda ake zubawa. Da rana tsaka wata mota ta tsaya a ƙofar benen, aka fito da shi ba hula. Wasu sun ce yana kurkuku, wasu sun ce ya fi haka nisa. Kafin mako ya zagayo an ciccire ƙofofin ƙarfe, an fasa katangar ta baya, awaki na kwana a falonsa. Ranar Juma'a liman ya ce Allah ba ya barci. Ranar Lahadi, in ji abokina, nasu mai wa'azin ya faɗi kusan haka. Ban taɓa ganin rumfunan biyu sun yi farashi ɗaya kamar wannan makon ba.

Na ɗauki rigata ta mutunci na ruga birni. A can na ji cewa duk abin da Alhaji ya tara, gonaki da rijiya da mangwaro, ya koma hannun babban nan, da takardu masu hatimi. Alhaji aƙalla ya san mu. Ubansa ya ci tuwo a gidanmu, kuma ko yana tsiya yakan rusuna ya ce Mushe. Wannan bai san akwai mu ba. Babu uban da za a tuna masa, babu kunyar da za a nema a wurinsa. Ba da daɗewa ba aka zagaye tudu da fadama da waya, aka haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, aka jera faifan hasken rana.

Na je na gaya wa abokina. Na ce, "Dawakanka sun iso."

Bai yi murna ba, bai kuma ce ai na faɗa maka ba. Ya ce, "Shi ma yana cikin layi."

"Mu ma muna cikin layi, Fasto. Wa za a fara kira?"

Ya zuba mini shayi. Har yau muna zama, har yau ina yi masa tambayar ta hanyoyi dabam-dabam, kamar yadda ake yi wa ɗalibin da ake so ya ci jarrabawa. Na yarda azzalumi na faɗuwa, na gani da idona. Abin da ban samu wanda ya warware mini ba, a rumfarsu ko a tamu, shi ne me ya sa idan ya faɗi a kanmu yake faɗowa.

Bana da aka yi ruwan fari, Yaya ya ce in kai shi ya ga gonar. Hannun dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirji, ba zai sake riƙe sungumi ba. Na ɗauko kabu-kabu biyu. Muka sauka a bakin waya. A ciki ma'aikata na dasa wani abu a layi madaidaici, ban ma gane ko mene ne ba. Yaya ya kama wayar da hannun hagu yana kallo, yana nuna mini da haɓa inda wani tsohon gawo yake kafin a sare shi.

Mai gadi ya taso daga rumfarsa. Baƙo ne, da ladabinsa.

"Sannunku, Baba. Wa kuke nema?"

Yaya ya ce, "Kallo muke, ɗana."

"To a ɗan matsa daga jikin wayar, mai wurin ba ya so. Idan kuma aiki ne, gaskiya an ce kada a ɗauki tsofaffi."

Yaya ya saki wayar. Masu kabu-kabu na ta danna oda, don sun ce ba za su daɗe ba, hadari na haɗuwa a gabas kuma su ma suna da shuka. Na kama shi ta hannun da ke aiki na taimaka masa ya hau.